Ɗakin Haya a Gari: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Sayar da Shanu

'Yan'uwa, a zagayen da muka yi bayan kaka a ikilisiyoyinmu na yankin Kafinsoli da ƙauyukan da ke tsakanin Kankia da Kusada, akwai tambayar da ta yi ta dawowa. Wani ya samu albarkar waken suya, wani ɗansa na aiko masa da kuɗi daga Kano ko Abuja, wani kuma ya karɓi kuɗin sallama bayan ya bar aikin gwamnati. Dukansu magana ɗaya suke yi: "Ina so in sayi fili a Kankia in gina ɗakunan haya, in huta." Wannan darasi domin su ne, da matansu, da ƙungiyoyin adashi da za su je neman rance a wurinsu.

Tunanin ba na wauta ba ne. Kowa ya ga yadda naira ta lalace a hannu. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin kaya ya yi ta hawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Wanda ya ɓoye N100,000 a ƙarƙashin katifa a shekarar, ya buɗe ya tarar takardun suna nan amma abin da za su saya ya ragu ƙwarai. Shanu kuwa, da su ne bankin manomi tun kaka da kakanni, yanzu sun zama abin fargaba saboda ɓarayin daji. Ɗaki dai ba a kora shi cikin dare. Saboda haka ba mu zo mu ce kada kowa ya gina ba.

Amma mun ga wani abu da idonmu. A gefen garuruwa akwai gine-gine da suka tsaya a kan linta shekara uku, shekara huɗu, ciyawa ta fito a cikinsu, awaki na kwana. Mun san wani gida da aka sayar da shanun huɗa guda biyu aka sayi bulo da siminti, kuɗin ya ƙare kafin a kai ga rufi. Da damina ta zo sai da mai gidan ya biya wani ya yi masa huɗa, kuma aka yi masa a makare domin mai shanu gonarsa yake fara yi. Hatsin shekarar bai kai su Yuli ba. Ku buɗe Luka 14:28-30 ku karanta tare a taronku. Zancen mai gini ne da bai zauna ya ƙidaya abin da zai kashe ba, ya kafa tushe ya kasa gamawa.

Wa zai kama ɗakin?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi tsallakewa. A ƙauye ba a cika biyan kuɗin ɗaki ba. Baƙo ya zo, a sauke shi. Ɗan'uwa ya yi aure, a ba shi ɗakin da ba kowa. Haya tana tafiya ne inda akwai baƙi masu albashi ko masu karatu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan bautar ƙasa, ɗalibai, da 'yan kasuwa masu neman shago ko sito. Kankia tana kan babban titin Kano zuwa Katsina, tana da babban asibiti, tana da makarantar koyon aikin lafiya, ga sakatariya. Kusada ma hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Dutsin-Ma tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. A irin waɗannan wurare ne ake neman ɗaki. Amma ko a cikin gari ɗaya, unguwa ta fi unguwa. Ɗakin da yake kusa da ruwa da titi ba ya daɗewa a rufe. Wanda yake can bayan gari, inda fili ke da araha, yana iya shekara ba a ƙwanƙwasa ƙofarsa ba.

Mai dogara ga ɗalibai ya tuna da abu biyu. A Maris na 2020 an rufe makarantu saboda cutar korona. A 2022 kuma malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗalibai suka koma gidajen iyayensu, da aka dawo kuma aka shiga jayayya da masu gidaje kan watannin da ba a zauna ba. Gara dai ba ta tafi yajin aiki ba, ta ci gaba da cin katako.

Kafin ku ba dillali ko sisi, ku je unguwar da kanku, ku yini. Ku tambayi masu haya uku ko huɗu nawa suke biya a shekara, me ya fi damunsu, ɗakuna nawa ne a rufe a layin. Ɗan haya zai gaya muku abin da mai sayar da fili ba zai faɗa ba.

Abin da ya shigo hannu ba shi ne riba ba

Ga misali domin mu koyi lissafin. Alƙaluman namu ne muka tsara don darasi, ku cire su ku sa na wurinku da na yau, domin farashi ba ya tsayawa. Buhun siminti da ake saye wajen N5,000 a farkon 2023 ya haura N10,000 a wurare da yawa a farkon 2024.

A ce wani iyali sun sayi fili, sun gina ɗaki uku da masai da wurin wanka, sun kewaye. Fili, bulo, siminti, yashi, rodi, katako, kwano, ƙofofi, ladan magina da leburori da kafinta, da la'adar dillali, duka sun ci N3,600,000. Kowane ɗaki ana biyan N72,000 a shekara, wato N6,000 a wata. Ɗaki uku sun kama N216,000. A nan ne mai gida yakan tsayar da lissafinsa. Ya ce cikin shekara goma sha bakwai kuɗinsa ya dawo, sauran duk riba ce.

To, mu ci gaba daga inda ya tsaya. Ga abin da shekara ɗaya za ta iya ɗauka:

Ɗaki ɗaya ya zauna ba kowa wata huɗu: N24,000
Wani ɗan haya ya tashi da bashin wata biyu: N12,000
Ƙananan gyare-gyare (kwado, fenti, toshe yoyo, maganin gara): N30,000
Kwasar masai da shara da gyaran magudana: N15,000
Kuɗin mota zuwa gari karɓar haya da duba gida: N15,000
Ajiya don sabunta rufi da daɓe nan gaba: N30,000

Jimla N126,000. Idan aka cire daga N216,000, abin da ya rage N90,000 ne a shekara. A raba shi goma sha biyu, N7,500 ke nan a wata. Wannan ita ce ribar gaskiya: naira biyu da rabi a kan kowace naira ɗari da aka zuba. Da wannan tafiya, sai shekara arba'in kuɗin ginin zai dawo, ba sha bakwai ba. Ba mu ma sa haraji ba. Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗi a kansu, don haka ku tambaya a sakatariya abin da ake biya a inda za ku gina, ku ƙara shi a jerin.

Layin ƙarshe na jerin, wato ajiyar rufi, shi ne mutane suka fi gardama a kai. Sukan ce, "Ai ban kashe shi ba, yana hannuna." Gaskiya ne ba ka kashe shi bana ba. Amma kwano yana tsatsa tun daga ranar da aka buga shi, kuma iskar farkon damina ba ta aiko da saƙo kafin ta zo. Ranar da ta yaye rufin, ɗan haya ba zai jira kaka ba. Wanda bai tara a hankali ba, a rana ɗaya zai sayar da rago ko buhunan gero, kuma a farashin da mai saye ya ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ginin ƙasa ma bai tsira ba. Ginin ya fi sauƙin kuɗi da farko, amma yaɓe duk shekara ne, ga indararo, ga azara, kuma abin da ake biya a ɗakin ƙasa bai kai na bulo ba.

Wani zai ce, to in haka ne ina amfanin ginin? Amfaninsa yana nan, amma ba inda ake nemansa ba. Filin da ke cikin gari mai girma yakan ƙara daraja, ginin da ake kula da shi yana riƙe dukiya a lokacin da naira ke zubewa, kuma abin gado ne ga 'ya'ya. Yaron da ya samu makaranta a garin yana da wurin kwana. In rana ta ɓaci a ƙauye, Allah ya kiyaye, iyali suna da inda za su sa kai. A ganinmu gidan haya ya fi kama da rumbu fiye da albashi. Yana ajiye abin da ka riga ka tara. Ba ya ciyar da gida kullum. N7,500 a wata, ku kwatanta shi da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa hannu a kai a Yulin 2024, ku ga ko mutum zai ajiye fartanya saboda shi.

Ginin bashi

A nan za mu yi magana ba kwana-kwana. Ƙungiyoyin ajiya da rance da muke yi a ikilisiyoyi, irin tsarin da ƙungiyar CARE ta fara da mata a ƙasar Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, an gina su ne don rance ƙarami mai saurin dawowa: sayen gyaɗar yin ƙuli-ƙuli, kiwon rago, buhun taki, kuɗin asibiti. Ba don gini ba. A ce ƙungiya ta sa ruwan naira biyar a kan ɗari a wata, mutum ya ranci N500,000 don ya gama rufi. Ruwan kaɗai N25,000 ne a wata. Ɗakuna ukun nan kuwa, ko da duk sun cika kuma kowa ya biya a kan lokaci, N18,000 suke kawowa a wata. Ba a taɓa uwar kuɗin ba tukuna. Daga ina cikon zai fito? Daga rumbu, daga kuɗin makarantar yara, daga awakin matar gida. Kuma kuɗin mata talatin ya maƙale a bango guda, ranar rabo ta zo babu abin rabawa, zumunci ya lalace. Mun taɓa zama sulhu a kan irin wannan, kuma ba ma fatan sake zama.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce su ƙi ba da rancen gini, ko da mai nema dattijon ikilisiya ne. Ƙin da aka yi da ladabi ya fi bin bashi a ƙofar majami'a. Ga mai son gini kuma, ya gina da abin da ya rage bayan an cire abincin shekara, da iri, da taki, da kuɗin makaranta. Ɗaki ɗaya da aka gama aka sa mutum ya fi huɗu da suka tsaya a taga. Gona da shanun huɗa kuwa, ba ma ba kowa shawarar sayar da su don ginin haya. Su ne suke samar da abin da za a gina da shi.

Littafi biyu

Yanzu mu dawo cikin gida, domin a nan ne aka fi yin kuskure ko bayan an gama ginin lafiya. Kuɗin haya yakan zo a dunƙule, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Bukatun gida kuwa kullum ne: gishiri, manja, sabulu, niƙa, magani. Kuɗi ya zo a dunƙule, ido ya gan shi da yawa, sai a yi biki, a sayi waya, a ranta wa suruki. Wata biyu ya ƙare, ba wanda zai iya faɗin inda ya tafi.

Ku sayi littafin rubutu guda biyu, irin na 'yan firamare. Ɗaya na gidan haya, ɗaya na gida. A na gidan haya, shafin hagu abin da ya shigo: rana, ɗaki, nawa, na wane wata zuwa wane wata. Shafin dama abin da ya fita, komai ƙanƙantarsa, har ƙusa da kuɗin babur. Ranar da aka karɓi haya, a fara cire kason gyara da na rufi a ajiye daban, a asusun banki ko a sayi akuya da sunan rufi, wadda ba a taɓawa don wani abu. Abin da ya rage shi ne zai ƙetara zuwa littafin gida, kuma daga wannan ne mai bi zai lissafta zakkarsa da baikonsa, tun da shi ne ainihin abin da ya samu. In gida ya matsu ya ɗauki kuɗin rufi, a rubuta shi bashi, a mayar bayan kaka.

Littafin gida shi ma yana da darasinsa. Ku rubuta watanni goma sha biyu, a gaban kowanne ku sa abin da ke shigowa da abin da ke fita. Za ku ga cewa kuɗi yana shigo mana ne daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin gero da dawa da wake da gyaɗa, sai ɗan abin da cin rani ko noman rani ko kiwo ya kawo. Fita kuwa tana da nauyi a Mayu da Yuni, lokacin taki da huɗa, a Yuli da Agusta da rumbu ke yin ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, a Satumba lokacin komawa makaranta, da kuma Kirsimeti. To ga dabara mai sauƙi: tun ranar da za ku sa ɗan haya, ku daidaita da shi lokacin biya ya faɗo a Mayu ko a Agusta. Hayar da ta zo a Nuwamba tana tarar da gida a ƙoshe, sai ta narke cikin hidimar ƙarshen shekara. Wadda ta zo a Mayu tana zama taki, takin kuma ya zama hatsi.

Littattafan nan ba na mai gida kaɗai ba ne. Uwargida ta san inda suke, ta san abin da ke ciki. In ɗaya bai iya rubutu ba, yaro ɗan sakandare ya rubuta a gabansu su biyu.

Takarda da shaidu

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wuraren da aka ayyana birni, gwamnatin jiha ce ke ba da takardar shaidar mallaka. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada. Ku je sakatariya ku tambaya a wane ɓangare filin da kuke so yake, kuma ko ba a ware wurin don hanya ko makaranta ba. Ku tabbatar mai sayarwa shi ne mai shi. In filin gado ne, duk magada su yarda su sa hannu, ba babban wa kaɗai ba. A rubuta takardar ciniki da iyakoki huɗu da sunayen maƙwabta, mai unguwa da dagaci su shaida, ku ma ku zo da naku shaidu biyu. A yi kwafi, a ajiye ɗaya a wani gida daban.

Ga kuma maganar da ba a son yi. Sau da yawa awakin mace da kuɗin adashinta da ribar man gyaɗarta suna cikin ginin, amma sunanta ba ya cikin takarda. Ranar da mai gida ya rasu, dangi su zo su ce gidan ɗan'uwansu ne, gwauruwa da marayu su koma kallon ɗakin da suka sha wuya a kai. Idan ku biyu kuka gina, ku biyu ku shiga takarda. Mai gida kuma ya faɗi nufinsa a rubuce a gaban dattawan ikilisiya da na dangi tun yana da lafiya. Rubuta wasiyya ba ya jawo mutuwa.

Tsakaninka da ɗan haya

A rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce: nawa, yaushe, wa ke biyan kuɗin wuta da ruwa, wa ke gyara me, da wa'adin da za a bayar kafin tashi ko ƙarin kuɗi. Kuɗin wuta musamman, inda mita ɗaya ce ga gida duka, ya raba mutane da yawa. A ba da rasit duk lokacin da aka karɓi kuɗi. Wanda ya kasa biya ba a cire masa ƙofa ko a watsa kayansa waje. Doka ba ta yarda ba, akwai wa'adi, akwai mai unguwa, akwai kotu.

Ɗan'uwa ko ɗan ikilisiya da ya nemi ɗaki, ku yanke shawara tun farko: kyauta ce ko haya ce? In kyauta ce, a faɗa, a rubuta ta a littafi a matsayin taimako, kada a sa ran komai. Abin da ke kawo gaba shi ne a yi shiru, mai gida yana jiran kuɗi, mai zama yana ganin zumunci ne.

A shekarun nan rashin tsaro ya koro iyalai da yawa daga ƙauyukan Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara zuwa garuruwa, ɗaki ya yi wuya, wasu masu gidaje suka ninka kuɗi. Ƙara haya saboda siminti da kwano sun tashi abu ne da ɗan haya zai fahimta, musamman in ka nuna masa littafinka. Ninka wa wanda ya gudo da 'ya'yansa da tabarma kuwa, don ka san ba shi da zaɓi, wannan wani abu ne daban, kuma muna roƙon kada a same shi a cikinmu.

Aiki don taron ƙungiya

A taro mai zuwa ku rabu gida biyu, maza da mata a gauraye. Rukuni na farko su zana watanni goma sha biyu a ƙasa, su sa ƙwayar wake a watannin da kuɗi ke shigowa, tsakuwa a watannin da yake fita, su nuna watan da ya fi kowanne tsanani. Rukuni na biyu su sake lissafin ɗakuna ukun nan da farashin yau. Kafin ranar, a aiki mutum biyu Kankia ko Kusada su tambayo kuɗin buhun siminti, bandir ɗin kwano, bulo ɗaya, ladan magini a yini, da abin da ake biya a ɗaki ɗaya a unguwa biyu daban-daban. Sannan ku ɗauki jimlar kuɗin ginin ku tambayi kanku: da an sa rabinsa a shanun huɗa da amalanke, ko injin ban ruwa, ko injin niƙa, waɗanda su ma ana ba da su haya a nan ƙauye ba sai an je gari ba, nawa za su kawo a shekara, kuma wane haɗari ke tattare da kowanne? Sakataren ƙungiya ya rubuta alƙaluman da kuka samu da ranar da aka tambayo su, ya riƙe mana har zagayenmu na gaba.